Saituna da Manhajojin Wayoyin Komai-da-Ruwanka na Farko da Tasirinsu a Kan Hausa: Misali daga Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda aka tsara saituna da manhajojin da suka zo cikin wayoyin komai-da-ruwanka na farko, watau waɗanda suka yi tashe a ƙasar nan tsakanin 2003 da 2013, da kuma yadda mutanen Fagge da Sabon Gari na birnin Kano suka karɓe su. Wani yana iya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da cikin waya? Amsa ita ce, a kan waɗannan wayoyi ne jama'a masu ɗimbin yawa suka fara rubuta Hausa yau da kullum, ba tare da malami ko edita ya duba musu ba, kuma ɗabi'un rubutun da suka kafu a lokacin su ne muke tararwa a takardun jarrabawar ɗalibanmu na kwalejojin ilimi.

Da kalmar saiti muna nufin zaɓin da ake daidaita wa waya don ta yi aiki ta wata hanya, kamar harshe da lokaci da ƙarar kira. Da manhajojin asali kuwa muna nufin waɗanda masana'anta ta zuba wa waya kafin a sayar da ita, kamar ma'ajin lambobi da kalanda da kalkuleta. Abin da muke son nunawa shi ne, kowane saiti shawara ce da maƙeri ya yanke a madadin mai saye, kuma maƙeran waɗannan wayoyi sun yanke tasu ba tare da Bahaushe a zuciyarsu ba. Kasuwa ta cike giɓin da suka bari ta fuskar aiki da kalmomi, amma giɓin rubutu yana nan yana jiran malamai.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Abin da ya bambanta wayar komai-da-ruwanka da wayar salula ta yau da kullum shi ne tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita kamar kwamfuta, wadda ake iya ɗora wa wasu manhajoji daga baya. Wadda aka fi ɗauka ta farko ita ce Simon ta kamfanin IBM, da aka fara sayarwa a Amurka a 1994, mai ɗauke da kalanda da ma'ajin adireshi da kalkuleta da wurin rubutu da hanyar aika imel da faks. Nokia ta fito da 9000 Communicator a 1996, Ericsson kuma ta fito da R380 a 2000, wadda ke tafiya a kan babbar manhajar Symbian.

A kan Symbian ɗin ne Nokia ta gina jerin wayoyin da suka cika kasuwanninmu: 7650 a 2002, 6600 a 2003, N70 a 2005, N73 a 2006, N95 a 2007, da E71 a 2008. Don a ga ƙarfin abin da muke magana a kai, Nokia 6600 tana da ma'adanar ciki ta megabait 6 kacal, da kyamara mai ɗaukar hoto na ɗigo 640 sau 480, da Bluetooth, da gurbin katin memori. Daga nan BlackBerry ta yi nata yayin. Fitowar iPhone a 2007 da Android a 2008 ita ta fara kawo ƙarshen wannan zamani. Wayar Symbian ta ƙarshe da Nokia ta ƙera ita ce 808 a 2012.

3.0 Shigowarsu Fagge da Sabon Gari

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin wannan lokaci layukan tarho na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Da farko ana biyan naira 50 a kan kowane minti na kira, har Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa.

Ba abin mamaki ba ne da cinikin waya ya sami gindin zama a Fagge. Tun asali unguwar masaukin fatake ce a wajen ganuwa, inda ayarin da suka keto Sahara suke sauka. Sabon Gari kuwa an kafa shi ne wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa Kano, don baƙin da suka zo aiki da ciniki daga Kudu. A wannan yanki ne Kantin Kwari yake, da 'yan canji na Wapa, da kasuwar Singa, da babbar kasuwar Sabon Gari, duk wuraren da labarin farashi ke da daraja kamar kuɗi. A nan kuma titin Beirut ya zama matattarar masu sayar da waya da masu gyaranta, kamar yadda kasuwar Farm Centre ta zama a Tarauni.

Yawancin manyan wayoyin ba don Nijeriya aka shirya su ba. Wasu sababbi ne daga Dubai, wasu kuma na hannu ne daga Turai, sun zo da saitin ƙasashen da suka fito. Saboda haka sayen waya bai cika ba sai an kai ta wurin mai saiti, kuma daga nan sana'a ta tashi.

4.0 Saituna

4.1 Harshe

Kowace waya tana zuwa da ƙunshin harsunan yankin da aka ƙera ta dominsa. Ta Turai takan zo da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da makamantansu, ta Dubai kuwa da Ingilishi da Larabci da Farisanci ko Urdu. Wasu ƙananan wayoyin Nokia masu araha sun zo da Hausa da Yarbanci da Ibo a jerin harsunansu, amma wanda ya sayi babbar waya a titin Beirut galibi da Ingilishi yake sarrafa ta. Wanda bai yi boko ba sai ya haddace hoton kowace manhaja da yawan latsawar da za ta kai shi gare ta. Idan yaro ya yi wasa da waya ya juya ta zuwa harshen da ba wanda ya sani, sai an koma kasuwa.

4.2 Lokaci da Kwanan Wata

Agogon Nijeriya yana gaba da na Girinwic da awa ɗaya, kuma ba ma sauya shi rani ko damina kamar Turawa. Wayar da ta zo da saitin wani gari takan nuna lokacin saƙonni a karkace har sai an gyara mata yankin lokaci. Wannan ya fi damun masu ɗora manhajar lokutan salla, domin in gari da agogo ba su daidaita ba, sai a ji waya tana kiran salla kafin lokaci. Wani abin lura kuma, tun daga wayoyi irin su N73 Symbian ta fara neman shaidar sa hannu ga manhajojin da za a ɗora mata, kuma shaidar tana da wa'adi. Dabarar da masu saiti suka gano ita ce a mayar da kwanan watan waya baya, a ɗora manhaja, sannan a dawo da shi. In aka manta ba a dawo da shi ba, kalanda da ƙararrawa duk sun rikice.

4.3 Hanyar Shiga Intanet

Waya ba ta shiga intanet sai an rubuta mata sunan mashigar kamfanin layi, wani lokaci har da lambar na'urar da ke tsakani. Na MTN, alal misali, shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana komai buɗewa. Kamfanoni sukan turo saitin ta saƙo, amma wayoyin da aka shigo da su ba duka suke karɓa ba. Bugu da ƙari, kamfani ɗaya ya sauya suna sau huɗu cikin shekara goma: Econet ya zama Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Wayar da ta zo a kulle da layin Vodafone ko Orange kuwa, sai an buɗe ta kafin ta karɓi sim ɗinmu ma.

4.4 Sauti

Nokia ta raba ƙarar waya zuwa yanayi-yanayi: na kullum, na shiru, na taro, na waje. Maƙerin ya yi tunanin ma'aikacin ofis mai shiga mitin. A Kano wurin da aka fi bukatar shirun shi ne masallaci, sau biyar a yini, shi ya sa sanarwar a kashe waya ta bayyana a ƙofofin masallatai. A wannan saiti ne kuma mutum yake bayyana kansa, domin damar sa kowane sauti ya zama ƙarar kira ta ba wannan ya sa ƙira'a, wancan bege, wancan kuma waƙar fim.

4.5 Tsaro

Lambar kulle da Nokia take zuwa da ita daga masana'anta ita ce 12345, kuma mutane da yawa ba su taɓa sauya ta ba. Latsa *#06# yana nuna lambar shaidar waya mai alƙaluma 15, wadda mai saye mai wayo yake gwadawa da ta jikin kwali. Latsa *#7370# kuwa yana shafe duk abin da ke cikin wayar Symbian ya mayar da ita kamar sabuwa. Sanin irin waɗannan lambobi shi ne jarin mai gyara, rashin saninsu kuma ya jawo wa wasu sun sayar da waya da hotunan iyalinsu a ciki.

5.0 Manhajojin Asali

5.1 Ma'ajin Lambobi

An tsara shi da gurbin sunan yanka da na sunan dangi, bisa al'adar Turawa. Bahaushe kuwa ya fi gane mutum da laƙabi ko sana'a ko gari, sai ka ga an ajiye Alhaji Mai Atamfa, ko Direban Maraɗi, ko Oga Singa. Katin sim yana ɗaukar lambobi kimanin 250 da gajeren suna, waya kuwa tana ɗaukar fiye da haka har da hoto da ƙarar kira ta musamman. Waɗannan biyun su suka ceci wanda ba ya karatu, domin da hoto ko sauti yake gane mai kiransa.

5.2 Kalanda da Kalkuleta da Ma'auni

Kalandar ta Miladiyya ce. Ɗan kasuwar Kwari kuwa da watan azumi da sallar layya yake auna cinikin shekara, don haka kalandar bango mai ɗauke da Hijiriyya ba ta sauka ba. Manhajar ma'auni tana juya yadi zuwa mita, wanda ya yi wa masu yadi amfani, amma ba ta san mudu ko tiya ba. Sashenta na canjin kuɗi sai an rubuta masa farashi da hannu, alhali a Wapa farashi yana iya motsawa tsakanin hantsi da la'asar, shi ya sa kalkuleta ta fi ta farin jini. Alamar naira ma ba ta cikin haruffan saƙon tes, ko da yake akwai ta fam da ta dala da ta yuro, sai mutane suka riƙa sa babban baƙin N a madadinta.

5.3 Kyamara da Bluetooth

Waɗannan biyu su suka fi komai sauya rayuwar gari. Kuɗin intanet yana da tsada, Bluetooth kuwa kyauta ne, saboda haka waƙa da wa'azi da guntayen fina-finai suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Masu turi suka kafa tebura da kwamfuta suna cika wa mutane memori a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, abin da ya taɓa cinikin kaset da faifai. Bluetooth yana da saiti na bayyane da na ɓoye, kuma wanda ya bar nasa a bayyane yana iya kamuwa da ƙwayar cutar waya irin Cabir ta 2004 ko Commwarrior ta 2005. Haɗarin bai tsaya a kan na'ura ba. A 2007 wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano ta wannan hanya, lamarin da ya kai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ga dakatar da ɗaukar fina-finai na tsawon watanni.

5.4 Rediyo da Manhajar Shiga Intanet

Wayoyi irin su N70 sun zo da rediyon FM, wanda ba ya kamawa sai an sa abin kunne, domin igiyarsa ce eriya. Wannan ya zo daidai da buɗe gidan rediyon Freedom a Kano a ƙarshen 2003, kuma ga al'ummar da ta shaƙu da rediyo, manhaja ce da ba ta bukaci koyarwa ba. Manhajar shiga intanet ta asali kuwa ba ta karɓu sosai ba saboda cin kuɗi. Opera Mini, wadda ta fito ga duniya a 2006, tana matse shafi kafin ya iso waya, don haka ta zama abin da mai saiti yake fara ɗorawa. Daga baya 2go ta Afirka ta Kudu da BBM na BlackBerry suka buɗe ƙofar hira a rubuce, har lambar BBM mai haruffa takwas ta zama abin ado tsakanin matasa. Kamfanin BlackBerry ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa ranar 4 ga Janairu, 2022.

6.0 Tasiri a Kan Hausa

6.1 Kalmomi

Kalmar waya kanta aro ce daga Ingilishi, ta fara da nufin zaren ƙarfe, ta koma saƙon tangaraho, ta koma tarho, yau kuma tana nufin abin da ba shi da waya ko ɗaya. Kalmomin da wannan zamani ya haifar sun kasu uku. Akwai na aro da aka yi wa kwaskwarima: saiti, caji, sim, memori, sabis, tes, filashin. Ta ƙarshen tana da ma'ana biyu, watau ɗan kiran da ake katsewa kafin a ɗauka, da sake zuba wa waya babbar manhajarta. Akwai tsofaffin kalmomi da aka faɗaɗa ma'anarsu: tura, ɗora, sauke, goge, kulle, kati, layi. Akwai kuma ƙirƙira irin ta Bahaushe mai raha: tafi-da-gidanka, komai-da-ruwanka, da rakani-kashi ga ƙaramar waya mai tocila. Manhaja, wadda muka sani da tsarin karatu, kafofin watsa labarai ne suka ba ta sabon aiki. Yawancin waɗannan kalmomi a bakin teburin mai gyara suka tsiro, ba su jira kwamiti ba.

6.2 Rubutu

A nan ne matsalar take. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun tabbatar da su. Amma madannan waɗannan wayoyi ba su da su. Daɗin daɗawa, tsarin saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160 ne muddin duk suna cikin jerin da aka ware masa, jerin da ya ƙunshi haruffan wasu harsunan Turai amma babu namu. Da zarar harafi ɗaya na waje ya shiga, iyakar sai ta faɗo zuwa 70. Ke nan saƙo mai haruffa 150 da ƙ guda ɗaya zai rabu uku, a biya kuɗin uku, a lokacin da saƙo ɗaya yake naira 15, kafin Hukumar Sadarwa ta ƙayyade shi a naira 4 a 2013. Ashe ko da madannan sun ba da dama, aljihu ba zai bari ba.

Sakamakon shi ne aka saba rubuta baki a wurin baƙi, kafa a wurin ƙafa, fada a wurin faɗa, bata a wurin ɓata, a bar wa mai karatu ya cinta. Tsimin haruffa kuma ya haifar da slm da ykk da lfy da ngd, ga yayin sa x a madadin z, kamar xan xo. Mu malamai ma muna da namu salon, domin wasu haruffan kwamfuta na Hausa sun ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan madannan q da x da v. Dabara ce da ta yi wa ɗab'i babbar hidima a lokacinta, sai dai in rubutun ya koma na'urar da ba ta da waɗannan haruffa, sai a ga qasa da xaya da varawo. Ta haka x ɗaya ta zama z a wurin ɗalibi, ɗ a wurin malaminsa. Ajami ma bai tsira ba, domin madannan Larabcin wayoyin Dubai na rubutun Gabas ne. Fa mai ɗigo a ƙasa irin ta allonmu babu ita.

7.0 Kammalawa da Shawarwari

Mun ga yadda aka tsara saituna da manhajojin waɗannan wayoyi bisa harshe da kalanda da sunaye na wasu mutane daban, da yadda masu saiti na Fagge da Sabon Gari suka zama tafintoci tsakanin na'ura da jama'a. Dalilan da suka tilasta zubar da lanƙwasa sun kau: wayoyin Android na yanzu suna da madannan Hausa, kuma WhatsApp ba ya ƙirga haruffa ya caji mutum. Amma ɗabi'ar ta zauna, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari.

Na farko, a sa darasin saita madannan Hausa a waya cikin kwas ɗin ƙa'idojin rubutu na kwalejojin ilimi, a kuma nemi ɗalibi ya nuna a aikace, tun da shi ne zai koyar a firamare gobe.

Na biyu, mujallun sassan Hausa su daina karɓar rubutu mai q da x da v, su koma ga haruffan Unicode, domin kalmar da aka rubuta xaya ba za ta fito ba in mai bincike ya nemi ɗaya.

Na uku, a tura ɗalibai titin Beirut da kasuwar Sabon Gari su tattara kalmomin masu gyara da masu turi tun waɗanda suka yi zamanin Symbian suna kan sana'a, a miƙa wa masu aikin ƙamus, don su shiga bugu na gaba na irin Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006.

Na huɗu, masana Hausa su nemi a riƙa damawa da su tun lokacin da kamfanoni suke fassara saitunan na'urorinsu, domin gyara bayan an sayar da miliyoyin waya yana da wuya.